Ƙwayoyi Uku da Gwiwar Surukina

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da wata ma'aikaciyar jinya ta ɗaga kalandata sama a gaban jama'a ba, ni kuma ina tsaye kamar ɓarawon akuya da aka kama da igiya a hannu. Har yau idan na tuna sai in ji wuyana ya ɗauki zafi. Kuma haushi nake ji, ba kaɗan ba. Haushin mai kemis, haushin mai tallar magani, haushin zamanin da muka shiga, haushin surukina da shirunsa. Amma wanda na fi jin haushi shi ne mutumin da nake gani a madubin mai aski.

Bari in gaya muku ko ni wane ne. Wankin hula nake yi a unguwar Galtimari, karatuna kuma a firamare ya tsaya. Ina karanta lamba sarai, Turanci kuwa sai in bi shi harafi harafi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Sannan ni mutum ne mai damuwa. Idan na kashe gawayin dutsen guga na kulle shago, sai na dawo na buɗe na sake dubawa. Idan na yi alwala, kokwanton shafar kunne kaɗai ya isa ya sa in sake daga farko. Matata Falmata takan ce da a ce damuwa ana sayar da ita a mudu, da tuni mun gina bene. (Tana ganin abin dariya ne. Ni ban taɓa dariyar ba.)

A shekarun da ƙauyuka suke ta watsewa suna kwararowa cikin Maiduguri, surukina Baba Kolo ya iso mana. Kwana uku ya yi a ƙafa ta cikin daji, shi da matan 'ya'yansa biyu da jikoki. Gidanmu mai ɗaki biyu da zaure ya wayi gari da mutum goma sha bakwai. Tsohon ya ɗauki zaure. Gwiwoyinsa sun kumbura kamar an kifa ƙwarya, bayansa ya riƙe, manomin da bai taɓa sallah a zaune ba ya koma yi a zaune. Wata rana na leƙa na gan shi yana ƙoƙarin ruku'u, hannu ɗaya a bango, yana cije leɓe. Nan take na yi wa kaina alkawari sai na tsayar da mutumin nan a kan ƙafafunsa. Ba wanda ya sa ni. Ku riƙe wannan: ba wanda ya sa ni.

Kun dai san yadda ake tsakanin mutum da uban matarsa a nan. Shekara goma sha ɗaya ina auren 'yarsa ban taɓa ganin ya kai loma baki ba, shi ma bai taɓa ganin tawa ba. Ba ya kiran sunana, sai dai "mai gida". Da safe in durƙusa a bakin zaure, ido a ƙasa, in gaishe shi da Barbarci in ce, "Nda watu, Baba?" Ya ce, "Kalewa." Lafiya lau ke nan. Hira ta ƙare sai gobe.

Na je wurin mai kemis na bakin titi na yi masa bayanin gwiwa. Ya miƙo min katin wata jar ƙwaya, ibufurofen, ya ja layi uku da biro a bayan katin: safe, rana, yamma. Ba kwali, ba takardar bayani, bai tambayi shekarun mai ciwon ba, bai ce min ci ko kar a ci ba. Hankalinsa na kan rediyo. Bayan kwana huɗu wata ƙanwar Falmata ta zo da wata 'yar ƙaramar ƙwaya rawaya, dikilofenak, ta ce ragowar wadda aka ba mijinta ce a sansanin gudun hijira, ita ce ta ɗaga masa baya. Sai kuma wani mai tallar magani da ke bi ta ƙofar shagona da daro a ka ya ji ina labarin, ya sauke daron ya ce, "Malam, kumburi ai sai kafso. Wannan ko giwa ce ta kumbura sai ta saɓe." Ya ba ni kafso, firoksikam.

To ga inda hankalina ya yi aiki, kuma ina roƙon ku saurara da kyau, don a lokacin ji nake duk Galtimari ba mai lissafi irina. Na ce ciwo uku ne: gwiwa, baya, kumburi. Magani ma uku: sunaye daban, launi daban, siffa daban. Kowa da aikinsa, kamar yadda sabulu da sitaci da buroshi ba sa shiga aikin juna. Abin da na ji ana tsoro a magani shi ne a wuce ƙa'ida. Saboda haka na rantse ba zan wuce ƙa'idar ko ɗaya ba. Ja sau uku, rawaya sau biyu, kafso sau ɗaya. Ko rabin ƙwaya ban taɓa ƙarawa ba.

Na ciro tsohuwar kalanda daga bango na juya bayanta, na ja layuka da rula, na yi gida gida. Duk ƙwayar da ta wuce maƙogwaron Baba sai in sa mata alama. Ƙarfe shida na safe daidai, kafin in tafi shago, ina durƙushe a bakin zaure da kofin ruwa da ƙwayoyi uku a tafin hannu. A wannan lokacin Falmata ko wuta ba ta gama hurawa ba, balle koko ya dahu. Ba na tashi sai na ga ya haɗiye, don kar ya manta, ko ta faɗi a tabarma wani yaro ya tsinta. Ta rana in ƙulle a takarda in bar wa Falmata. Da yamma kuma in yi sauri in dawo kafin dokar hana fita, in sake durƙusawa. Sau da yawa nakan tarar da kwanon tuwonsa a rufe a gefe. Ina nan ba zai buɗe ba, ni kuma ba zan tafi ba sai ya sha magani. In ce, "Baba, an ci abinci?" Ya ce, "Alhamdulillahi." Ni kuma sakarai in tashi in je in sa alama.

Abin da ya ƙara rufe min ido shi ne maganin ya yi aiki. Cikin mako guda Baba ya yi ruku'u. A mako na biyu ya taka da ƙafarsa har masallacin unguwa. Ni kuwa kai ya kumbura ya fi gwiwar. A majalisar da muke zama ƙarƙashin dogon yaro na baje labari, har da nuna kalanda. Suka sa min suna "Likita". Na ce su daina, amma irin cewar da ake yi ana murmushi.

A mako na uku Falmata ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Baba fa kullum sai ya ce a jiƙa masa kanwa. Kuma ka duba idonsa, ya yi fari."

Na ce, "Tunanin gona ne. Mutum ya bar gero a tsaye ya gudo, ido ba zai yi fari ba?"

Ta ce, "Ko dai a tsayar da maganin nan a gani?"

Na ce, "Ke kin san illar yanke magani a tsakiya? Je ki duba kalanda, ko gida ɗaya ban tsallake ba."

Ta dube ni ta koma kan aikinta. (Ta fi ni gaskiya, kuma ita ko aji ɗaya ba ta yi ba. Wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi.)

Rana ta ashirin da uku, da hantsi, ina tsakiyar goge wata hula sai ga matar ƙanin Falmata a guje, ko takalmi babu. Baba ya tashi zai zagaya, jiri ya kwashe shi, ya faɗi a kan buta. Na tarar da shi a jingine da bango, gumi na tsattsafo masa, leɓensa fari fat kamar ya ci toka. Muka tari keke napep, don babur an daɗe da hana shi. A shingen bincike dole aka sauko ana tafiya a ƙafa, na goya shi a baya muka wuce, na ji ashe mutumin ya zama kamar buhun ƙaiƙayi. Duk da haka ban zargi kaina ba. A hanya na riga na yanke hukunci: jabun magani aka sayar min. Kafin mu fito sai da na koma ɗaki na kwashe katunan maganin a leda, na naɗe kalandata na soke a aljihu. Shaida ke nan. Niyyata likita ya rubuta min takarda in kai mai kemis gaban bulama, mai unguwarmu, in sa a rufe masa shago.

Asibitin cike yake har baranda: mata da goyo, tsofaffi a kan tabarmi, masu jiran kati. Aka shigar da Baba wani ɗaki da labule kawai ya raba shi da barandar, Falmata na riƙe da shi. Wadda ta karɓe mu wata gajeriyar mata ce 'yar kudancin Borno, da tabarau mai igiya a wuya, ana ce mata Sista Rifkatu. Ta duba ƙasan idonsa, ta danna cikinsa ya zabura, ta auna jininsa, ta aika a kira likita. Sannan ta fito baranda ta ce, "Ina ɗan'uwan tsohon nan?"

Na miƙe. Kuma maimakon in bi ta gefe a hankali, sai na ɗaga murya don kowa ya ji. Na ce, "Ga ni, Sista! Azzalumai ne suka cuce mu! Mutum ya tsira daga daji ya zo gari a kashe shi da jabun magani? Wallahi ba zan yarda ba! A auna maganin nan yanzu a ba ni takarda!"

Wata tsohuwa ta ce, "Allah ya isa!" Wani dattijo ya gyaɗa kai. Na ji ƙarfi ya zo min.

Sista ta ce, "Malam, zauna."

Na ce, "Ba zan zauna ba."

Ta ce, "To tsaya. Kawo ledar."

Ta zazzage a kan teburin kati, ta sa tabarau, ta jera katunan uku. Ta ɗaga kai ta ce, "Wanne daga ciki yake sha?"

Na ce, "Duka."

"Duka? A rana ɗaya?"

"A kan ƙa'ida," na ce, na zaro kalanda na warware mata da hannu biyu kamar mai nuna takardar fili. "Ga shi nan. Kwana ashirin da uku. Ko sau ɗaya bai tsallake ba, ko sau ɗaya bai wuce ba. Ni da kaina nake tsayawa a kansa."

Ta daɗe tana kallon kalandar. Ta bi layukan da yatsa. Sai ta ce, "Wa ya rubuta masa ukun nan tare?"

Na ce, "Ja na gwiwa ne, rawaya na baya, kafso na kumburi."

"Ban tambaye ka aikinsu ba. Wa ya haɗa?"

A nan ne na fara jin ƙasa tana motsi. Na ce, a hankali yanzu, "Ni ne."

Ta cire tabarau ta sake shi ya faɗa ƙirjinta. Ta ce, "Oga likita, maganinka ba jabu ba ne. Da jabu ne ma da tsohon nan yana gida yana shan iska. Mai kyau ne, shi ya sa ya yi aiki. Waɗannan ukun da kake gani 'yan gida ɗaya ne, uwa ɗaya uba ɗaya, riga kawai suka bambanta. Aikinsu ɗaya, ɓarnarsu ɗaya. Ba a haɗa biyu ma, balle uku. Ɗaya kaɗai, na 'yan kwanaki, kuma a kan abinci. Ƙarfe shida da ka rubuta nan, me yake ci kafin ya sha?"

Na ce, "Yana cewa alhamdulillahi."

Wani ya tuntsire da dariya daga baya. Sista ba ta yi ba. Ta ja labule ta ce, "'Yar'uwa, babanki yana cin abinci?"

Falmata ta fashe da kuka. Ta ce sai jiya wata jikarsa ta gaya mata, tuwon da ake kai masa loma biyu yake yi ya kira yara ya tura musu, ya ce kar su faɗa. Wai bakuna sun yi wa mai gida yawa.

Ban gama haɗiye wannan ba Sista ta juya ga Baba, labule a buɗe, ni ina tsaye a gabansa, ta ce, "Baba, bayan gidanka wane launi ne?"

Jama'a, ku tuna mutumin da ko ruwa ba ya sha da daɗi a gabana. Na juya zan gudu, ta ce, "Ina za ka? Tsaya nan ka ji sakamakon aikinka." Baba ya rufe ido, ya juya fuska bango. Da ƙyar ya ce, "Baƙi."

"Kamar kwalta?"

"Haka."

"Tun yaushe?"

"Kwana shida."

"Me ya hana ka faɗa?"

Can ya ce, "Mai gida yana ƙoƙari."

Da a ce mari ya yi min da ya fi min sauƙi. Kwana shida jini na zuba a cikin mutum, yana kallon baƙin abu yana fita daga jikinsa, amma kunyar kar ya karya min gwiwa ta sa kullum ya buɗe baki ya haɗiye abin da ke huda masa ciki. Ni kuma ina durƙushe da ladabi ina miƙa masa. Har yau ban san wanda zan fi jin haushi a wannan wurin ba, shi ko ni ko ladabin.

Sai Sista ta ɗauki kalandar ta fita tsakiyar baranda ta ɗaga ta sama. Ta ce, "Iyayena, 'yan'uwa, ku duba nan. Wannan bawan Allah ba mugu ba ne, kun ga ma har rula ya sa. Amma ya kusa kai surukinsa kabari. Maganin ciwon jiki irin wannan yana cin bangon ciki, yana taɓa ƙoda, ya fi tsanani ga tsoho, da mai gyambon ciki, da mai hawan jini, da mai juna biyu. Kar ku sha da yunwa. Kar ku karɓi ragowar na wani. Duk abin da kuke sha ku kawo a gani kafin a ƙara muku wani. Wanda ya ga baƙin bayan gida, ko aman jini, ko zafin ciki, ya tsayar ya taho, ba kanwa zai nema ba. Kun ji?"

Suka ce, "Mun ji, Sista."

Tsohuwar nan da ta taya ni jan Allah ya isa ɗazu ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Au, ashe kai ne azzalumin?"

Kuma don abin ya cika, a cikin masu jiran kati akwai wani ɗan majalisarmu da ya kawo matarsa. Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa.

Likita ya zo ya ce gyambo ne a ciki yake zubar da jini, sai an kwantar da shi an yi masa ƙarin jini, 'yan'uwa su je a gwada. Ni da ko allurar rigakafi nake ɓuya a bayan gida tun ina yaro, na riga kowa miƙa hannu, don ba ni da fuskar yin wani abu daban. Nawa ya dace. Na kwanta, na ga ledar jinin ta fara cika, na ce bari in ɗan rufe ido. Na farka na tarar da ƙafafuna a ɗage a kan kujera, tsohuwar nan dai tana yi min fifita da mayafinta tana cewa, "Tashi, likita, marasa lafiya na jira."

Baba ya yi kwana shida a asibiti. Allah ya rufa asiri, ƙodarsa ba ta taɓu sosai ba. Aka sallame shi da maganin gyambo, aka ce gwiwa a bi ta da farasitamol da gashin ruwan ɗumi, sauran ukun kuwa ko hanyar da suka bi kar ya bi sai da izinin likita. Sista ta ce, "Wa zai riƙa ba shi magani a gida?" Na buɗe baki. Falmata ta miƙa hannu ta gabana ta karɓe ledar. Na rufe bakin.

Ana haɗa kaya sai Baba ya yafito ni. Ya ce, "Mai gida, matso." Na matsa na durƙusa, a raina na ce yau zan ji abin da na cancanta. Ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba, ya rage murya ya ce, "Jinin nan naka da aka sa min. Ka gaya min gaskiya, ba ka haɗa shi da komai ba ko?"

Na ce, "Ban haɗa ba, Baba."

Ya ce, "To madalla."

Gwiwar ta koma yadda take, ya koma sallah a zaune, amma yana raye yana yin ta. Ni kuma darasin da na samu ba mai daɗi ba ne. Duk rayuwata na ɗauka wanda ya fi kowa damuwa shi ya fi kowa tsira daga kuskure. Ashe damuwa ba sani ba ce. Mai sakaci da ya manta ya ba da maganin rana biyu, da tsohon ya samu hutu. Sai irina, mai kula, shi ne zai yi kuskuren a kan lokaci, sau uku a rana, har kwana ashirin da uku, ba tare da ya taɓa tsayawa ya tambayi wanda ya sani ba.